Shekarar da Na Yi Aikin Kallo

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Duk wanda ya taɓa yin rakiya a tashar Wudil ya san yadda ake yi. Zan fara daga inda aka karɓe mini fasfo, in bi zango-zango har dawowata, domin na ga samarin unguwarmu ta Sabon Gari sun fara zarya wajen mutumin da ya tura ni, gara su ji daga bakin wanda ya je. Ƙasar kuwa ba zan kama sunanta ba. Ta Larabawa ce, a bakin teku, kuma akwai namu a can har yau.

Sunana Hamisu. Kafin tafiyata ina da shago kusa da ƙofar jami'a, ina cajin waya, ina tura wa ɗalibai karatu da fina-finai, ina sayar da data. Iyakar karatuna sakandare, sai Islamiyya. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiya ya ce aikin kwamfuta ne a ofis mai sanyi, ba ɗaukar bulo ba. A nan bai yi ƙarya ba. Abin da ya bari bai faɗa ba shi ne mai yawan.

Zango na farko filin jirgi ne. Mun canja jirgi a Adis Ababa, muka sauka da hantsi. Wani dogon mutum yana jiran mu da kwali a hannu. Bai amsa sallamata ba. Ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa ce, ashe fasfo yake nufi. Ya jefa nawa cikin jakar leda tare da na sauran, ya ce da Larabci amana ce. Kalmar na gane ta, amma ledar ba ta yi mini kama da wurin ajiye amana ba.

A cikin motar da ta ɗauke mu, mai labule a tagogi, na ji wani a bayana yana cewa, "Sanyin motar nan zai kashe ni kafin in ga aikin." Hausa ce tsantsa. Na waiwaya.

"Daga ina?" na tambaye shi.

"Damagaram. Kai fa?"

"Wudil."

"Alhamdu lillahi, Bakano. Tun ban sauka ba Allah ya ba ni bawa. Riƙe mini jakar nan."

"Ku da kuke zuwa Kano ci-rani, yaushe kuka fara ajiye bayi?"

Ya yi dariya har direba ya harare mu ta madubi. Sunansa Usmanu, tela ne a garinsu, ya ɗan girme ni. Tun daga wannan motar muka zama abu ɗaya.

Zango na biyu masauki ne, wani dogon gini a ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Akwai 'yan Bangaladash, 'yan Nepal, 'yan Yuganda, kowa a gado mai hawa biyu. Gadon da aka nuna mini akwai silifas a ƙarƙashinsa, da buroshin haƙori a soke jikin katifa. Na tambayi wani ɗan Yuganda da ke gadon sama ko da mai wurin. Ya ce da akwai, amma ya tafi gona.

Daga baya na fahimci gonar. Mai kamfanin yana da wata gonar dabino da raƙuma can cikin sahara. Duk wanda aikin ofis ya ƙi shi, can ake kai shi ya ƙarasa wa'adinsa. Babu sabis a wurin, waya ba ta shiga. Farar mota ce take zuwa ranar Alhamis bayan abincin rana. Wasu sun ce daga gonar ake mayar da mutum ƙasarsu kai tsaye, shi ya sa ba a sake ganin kowa. Wasu idan aka zo wannan maganar sai su tashi su fita. Na kwashe silifas ɗin na ajiye a lungu, ban jefar ba.

Zango na uku shi ne aikin, kuma sai na yi bayaninsa daki-daki kafin a gane abin da ya same mu.

Akwai wani irin bidiyo da ake ɗauka da kyamara mai ido ta ko'ina, gaba da baya, sama da ƙasa. Idan ka sa wani gilashi mai rufe rabin fuska, wanda mu muke kira kwano, sai ka ji kamar kana tsakiyar wurin. Ka juya dama ka ga dama, ka ɗaga kai ka ga sama. Matsalarsa nauyi. Ni da na sayar da data na san abin da fim ɗaya yake ci. Wannan kuwa yana cin ninkin ba ninkin, domin ana turo maka duk kewayen alhali idonka gefe guda yake kallo. Dabarar kamfanin uku ce. Ta ɗaya, a yanka hoton gida-gida kamar yankan awara. Ta biyu, a turo gidajen da mutum yake kallo tangaran, sauran a turo su dishi-dishi marasa nauyi. Ta uku ita ce mai wahalar: dole na'ura ta riga mutum sanin inda zai juya, ta turo wurin kafin kansa ya isa, in ba haka ba ya juya ya tarar da dusu-dusu. Na'ura kuwa ba ta san inda ɗan Adam yake kallo ba sai an koya mata. Mu aka ɗebo mu koya mata.

Ɗakin babba ne, babu taga, kujeru masu juyawa a jere. Ka zauna, ka sa kwano, a sako maka bidiyo, kai dai ka kalla, kwanon yana rubuta duk motsin kanka. Shugaban wurin, wanda kowa yake kira Mudir, gajere ne mai yawan turare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar farko ya yi mana Turanci a hankali. Ya ce abu ɗaya ake so, mu yi kallo kamar yadda mutane suke yi. Sannan ya nuna 'yar fitilar da ke saman kowace kujera. Idan kallonka ya dace da na jama'a, ta nuna kore. Idan ya fara kaucewa, ruwan ɗorawa. Idan ta yi ja, kana ɓata wa na'ura karatu. Bai ambaci gona ba, kuma ba wanda ya tambaya.

A kwanakin farko amai na riƙa yi. Kana zaune a kujera amma idonka yana cikin jirgin ruwa, ko saman dutse, ko tsakiyar filin ƙwallo. Mai dafa mana abinci, wani dattijon Bangaladash, ya lura ba na cin komai. Sai na riƙa samun ɗanyar citta da rabin lemon tsami a gefen farantina. Har na baro ƙasar ban san cikakken sunansa ba.

Ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Ina zama a miƙe, in yi bisimilla, in sa kwano. Ba na gyangyaɗi a ciki kamar yadda wasu suke yi, ba na wasa da kujera. Duk da haka a ƙarshen makon farko fitilata ruwan ɗorawa ta nuna. Ta Usmanu ma haka. Ɗan Yugandan da yake barci rabin yini, tasa kore shar.

"Injin nan bai son Hausawa," in ji Usmanu. "Ko dai warin daddawarku ta Kano yake ji."

"Taka fitilar fa, turaren Damagaram ta ji?"

"Ni zama kusa da kai ne ya ja mini."

Muka ƙara ƙoƙari. Na ce wataƙila saurin juyawa muke yi, muka rage. Na ce wataƙila kwanon ne bai zauna daidai ba, muka ɗaure shi har ya yi mana shati a goshi. Fitilun suka ƙi canjawa, daga baya suka koma ja.

Ranar Juma'a ake ba mu hutu, ita ce ranar kiran gida. Matata Rabi ta koma gidan iyayena a Utai kafin in dawo, kuma a can sai ta fita bakin rijiyar burtsatse ake samun sabis. Ta ɗaga 'yarmu ta nuna mini, hoton ya tsaya, fuskar yarinyar ta farfashe ta zama gida-gida, sai murya kawai tana yankewa. Ina aikin rage wa hoto nauyi don wasu su ga teku sumul, fuskar 'yata ta kasa iso mini. Ina jin ƙarar motocin shanu a bayanta suna wucewa kasuwar Wudil, in ji kamar in bi ta cikin wayar. Rabi ta ce, "Malam, lafiya dai ko? Ka rame." Na ce sabis ne. Ban gaya mata zancen fitila ba.

Zango na huɗu ranar Alhamis ce. Mun gama cin abinci, muna komawa kujeru, sai muka ji tsayuwar mota a waje. Mudir ya shigo hannunsa a baya, yana tafiya a hankali ta bayan kujeru, turarensa yana riga shi zuwa. Ya wuce ni. Ya dafa kafaɗar Usmanu.

Usmanu ya cire kwano, ya ajiye a hankali, ya gyara wuyan rigarsa.

"To, Bakano, an ba ni sarautar raƙuma. Ka kula mini da kujerata, kar ka sayar. Na san halinku."

Ya matso ya rage murya.

"In ka kira talho ɗina bai shiga ba, kar ka gaya wa mutanen gida komai tukuna. Tsohuwata tana da hawan jini."

Ban ga tafiyar motar ba, domin babu taga. Da yamma na kira lambarsa, a kashe. Washegari ma haka. Aka kawo wani ɗan Nepal aka ba shi kujerar da gadon.

Tawa fitilar tana nan ja. Kowa ya san Alhamis mai zuwa tawa ce. Ɗan Yugandan ya daina yi mini magana, ba don ƙiyayya ba, haka ake yi a gidan, ana janye jiki tun da wuri.

Zango na biyar ofishin sama ne. Ranar Lahadi aka ce wata injiniya tana kira na. Ban taɓa hawa benen ba. Na tarar da wata baƙar mace mai gilashi, da lulluɓin mutanen Sudan, allon kwamfuta biyu a gabanta. Na yi sallama na tsaya a bakin ƙofa.

"Shigo, ɗan'uwa. Ka kwana lahiya?"

Na ɗauka kunnena ne. Ta ce sunanta Safiya. Kakarta daga ƙasar Sakkwato ta taso da ƙafa za ta Makka, ta tsaya a Sudan, ba ta ƙarasa ba kuma ba ta koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana cakuɗe da Larabci, amma ina ganewa.

"Zamna. Ina so in gwada maka abu."

Ta buɗe wani bidiyo da na sani, na wani tsoho mai farin gemu da ke zaune a kan darduma yana ba da tarihin garinsu. An shimfiɗa hoton a allo kamar tabarma, an ɗiga launi a duk inda idon mai kallo ya daɗe. Ta nuna mini na sauran ma'aikata: launin duk ya taru a fuskar tsohon. Sannan ta buɗe nawa. Fuskar tsohon fes, babu ko ɗigo. Launin yana kan dardumar, da yatsun ƙafarsa, da butar da ke gefe.

Ta buɗe na bikin aure. Nasu a kan amarya da mata masu rawa, nawa a kan silin da bango. Na bakin teku, nasu a kan masu wanka, nawa a kan yashi da wani kwale-kwale can nesa. Na wani mutum da ke cin abinci, nawa a kan ƙofa. Na likita mai koyarwa, nawa a kan takalmansa.

"Ka gani? Da babba ya buɗe baki, kanka sai ya sauka. Da mace ta hito, ka kau da kai. Injin yana ta aika darduma tangaran, huskar mutum dishi-dishi. Na daɗe ina neman ɓarnar cikin na'ura. Jiya na tuna kakata. Har ta rasu ban taɓa ganin ta dubi kakana cikin ido ba."

Na ce, "Hajiya, wallahi ban san ina yi ba."

"Na sani. Shi ma abokinka bai sani ba. Nashi da naka kamar an kwafa."

"To tunda an gano, a dawo da shi mana. Ba laifi ya yi ba. Tarbiyya ce."

Ta cire gilashinta ta goge.

"Na je wajen Mudir kafin in kira ka. Na ce mashi mutanenku ma masu kallo ne, injin ya kamata ya san irin kallonsu. Ya ce masu sayen kwano ba mutanenku ba ne." Ta mayar da gilashinta. "Zancen gona kuma ya ce ba na injiniya ba ne. Ni ma fasfo ɗina yana wajensu, ɗan'uwa. Abin da na samo maka shi ne wannan mako. Ka ɗaga kai ka duba."

Zango na shida shi ne kwanakin da suka rage kafin Alhamis. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda na san matsalar. Ashe ba haka ba ne. Nakan shiga kwano da niyya, in ce wannan hoto ne, ba mutum ba ne. Sai tsoho ya juyo ya yi gyaran murya, kafin in ankara ina kallon tabarma. Abin da aka sa wa mutum tun yana rarrafe ba ya jin niyya. Na gwada koyo a waje. Na zuba wa mai dafa abinci ido yana zuba mini shinkafa, har ya shafa gemunsa yana neman abin da ya maƙale. Kunya ta kama ni, na bar layin ba tare da miya ba.

Ranar Talata na zauna na tsara abin a hankali. Kwanon motsin kai yake rubutawa. Idan kai ya kasa sauka, rabin matsala ta tafi. Na ɗauki tawul ɗina na wanka, na naɗe shi tamau kamar gammo, na zagaya shi a wuya ƙarƙashin haɓa, na ɗaure da igiyar wando. Na gwada sunkuyawa, ya tokare ni. Saura kau da kai gefe, wannan kuma na dafe hannuwan kujera, na kafa ƙafafuna a ƙasa don kar ta juya.

Haka na shiga aiki ranar Laraba. Ina cikin kwano na ji ƙamshin turare a bayana, sannan na ji yatsa yana taɓa tawul ɗin.

"Wuya ne yake ciwo?" in ji Mudir.

Na ce eh.

"Allah ya ba da lafiya." Ya daɗe a tsaye kafin ƙamshin ya yi nisa.

Aka sako tsohon mai farin gemu. Ya dube ni, na dube shi. Haɓata tana danna tawul, tawul yana mayar da ita. Gumi ya cika kwanon duk da sanyin ɗakin. A ranar na fara sanin yana da tabo a gefen hanci, alhali na yi makonni ina zama a gabansa. Aka sako bakin teku. Na yi istigfari na kalla. Aka sako mai cin abinci, na bi lomarsa tun daga faranti har baki, kamar mayunwacin da ba a yi wa tarbiyya ba.

Ranar Alhamis bayan abinci mota ta tsaya a waje. Fitilata tana ruwan ɗorawa. Mudir ya shigo da tafiyarsa, ya zo bayan kujerata ya tsaya. Ina jin numfashinsa. Ban juya ba, tawul ma ba zai bar ni ba. Can ya ɗaga ƙafa ya ci gaba, ya dafa wani ɗan Bangaladash a ƙarshen layi.

Mako na gaba ta yi kore. Bayan wata biyu ko uku na cire tawul, kan ya tsaya da kansa. Injiniya Safiya ban sake ganin ta ba. Na tambayi mai shara a benen, ya ce an canja mata wurin aiki, bai san ina ba.

Zango na ƙarshe dawowa ce. Da wa'adina ya cika, Mudir da kansa ya miƙo mini fasfo, ya ce ina cikin ma'aikatansa mafi kyau, ko zan ƙara shekara. Na ce a'a. Na dube shi cikin ido na tambaye shi Usmanu. Ya yi murmushi ya ce yana nan lafiya, yana son dabino ƙwarai. Na nemi a haɗa ni da shi ko a waya. Ya ce ai na sani babu sabis a gona.

Na sauka Kano, na hau mota zuwa Wudil, na tsallaka gada ina kallon masu ɗibar yashi a cikin kogi, ban tsaya Sabon Gari ba na zarce Utai. Mahaifina yana zaune a zaure a kan buzunsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na fara gaisuwa kamar yadda aka saba: gajiya, gida, gona, jiki da jini. Yana amsawa, sai na ji amsar tana raguwa, can ya kira sunana.

"Hamisu."

"Na'am, Baba."

"Me kake nema a fuskata?"

Sai a lokacin na gane tun shigowata idona yana cikin nasa. Na ga yadda ya tsufa, na ga yanar da ta fara rufe masa idon hagu, abin da ban taɓa gani ba. Na sunkuyar da kai da sauri, amma sai da na tuna na yi, kamar mai ɗaga kaya. Ya juya ya ƙwala wa mahaifiyata kira ta cikin gida, muryarsa babu faɗa a ciki.

"Ki zo ki ga ɗanki. Ya dawo lafiya. Sai dai ya dawo da ido."

Har yau haka nake. Idan zan gaida babba sai na shirya tun daga ƙofa, in ce wa kaina sauka, kuma wani lokaci nakan makara. Lambar Usmanu kuwa ina kiran ta duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a kashe take. Wansa ya kira ni daga Damagaram watan jiya, ya ce tsohuwarsu tana tambaya. Na ce ya gaya mata wurin ne babu sabis.